Kunnen Tukunyar Biki

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan tabarmarsa, bayan ya sha kunu ya ce a buɗe masa taga. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa, kafin la'asar layinmu ya cika har masu keke suna sauke fasinja tun daga bakin titi.

Ban san Minna na da masu girkin biki da yawa haka ba sai ranar. Sun zo ƙungiya-ƙungiya, Musulminsu da Kiristansu, wasu da ƙaurin hayaƙi a zannuwansu don daga bakin murhu suka taso. 'Yan jari-bola suka jingine buhunansu a jikin katanga suka tsuguna. Limamin unguwa ya ce shekara arba'in yana ganin mamacin a sahun farko, bai taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Kowa ya ce haka ne. Ni ina zaune a ƙofar zaure ina amsa gaisuwa, don ni ne ɗan ƙanwarsa, a hannunsa na tashi tun ina shekara shida, ni ne kuma mijin 'yarsa ɗaya tilo.

Sai wata dattijuwa, shugabar masu girki, ta tsaya a kaina.

"Sannu da haƙuri," in ji ta. "Allah Ya jiƙan mai tukwane. Tukunyarsa tana wurina tun haihuwar ɗana na fari, har yau ba ta ɗiga ba. Hannun nan babu irinsa a garin nan, in ka ɗauke waccan ta bikinku."

Ta kusa da ita ta ce, "Ai wannan tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Kafin magariba na ji wannan magana sau biyar daga bakuna daban-daban. Sai an yabi mutum daga kai har ƙafa, sannan a ɗiga masa wannan ɗigon a ƙarshe, cikin tausayi. Ni kuwa kowane karo sai in ce Allah Ya ba da lada, in sunkuyar da kai.

Tukunyar nan ba Kawu ne ya zuba ta ba. Ni na zuba ta. Shekara goma sha bakwai ke nan, kuma matata, wadda uwarta ta gurgunce a dalilin tukunyar, ba ta sani ba har yau.

A sanina mutum ɗaya ne a wurin makokin ya san gaskiya, wato aminin Kawu, wani dattijon Gbagyi daga Maikunkele, Kirista, wanda ya shekara talatin yana juya masa keken hura wuta. Ya zauna gefe da hularsa a gwiwa. Da zai tafi ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce da irin Hausarsa, "Mai gida ya tafi. Yanzu magana ya rage ma kai."

Kawu maƙerin fari ne, mai zubin tukwanen dalma, abin da mu 'yan boko muke kira alminiyam. Rumfarsa tana bayan kasuwa. Duk abin da gari ya yar shi yake saye: fistan mota, tsohon kan inji, gwangwanin lemo, tukunyar da ta fashe. Ya narka su a gindin tsohuwar tukunyar gas a kan gawayi, ya danna wata tukunyar a cikin damshin yashi ya fitar da siffarta, ya zuba narkakkiyar dalma a ramin. Abu na ƙarshe da yake yi kafin ya rufe akwatin yashin shi ne ya ce bismillah, ya danna babban yatsansa a inda mariƙin tukunya zai fito, wanda muke kira kunne. Ko wace tukunya tasa ka juya za ka ga yatsan a ƙarƙashin kunnen dama. Ba ta fita rumfar kuma sai ya ƙwanƙwasa ta da cokali ya saurara. In ta yi amo mai tsawo, sai ya ce, "Je ki yi aure." In ta amsa a daƙile, sai ta koma wuta, ko da mai ita na tsaye yana jira.

Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya, shi ne baƙin ƙarfe. Ya kan zauna rabin yini da guduma da kurfi yana cire zobe da ƙusa daga jikin fistan, yana bin tarkace da maganaɗisun tsohuwar sifika. Ludayin zubi da tukunyar narki kuwa sai ya shafe su da yumɓu, don kada dalma ta taɓa ƙarfe. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Ƙarfe baƙo ne da ba ya sallama, in ya shiga kuma ba ya fita." Ya ce in ya shiga dalma yakan zama ƙaya, irin ta kifi, ido ba ya gani, sai ranar da tukunya ta tsage ta kan ƙayar. Tun da tarkace ba ya rabuwa da ɗan ƙarfe duk iya tsinta, yana da dabarunsa. Yakan haɗa fistan da gwangwanin lemo, ya ce gwangwani na lanƙwasa ƙaya. Ba ya son tukunya mai kauri, ya ce tana daɗewa ba ta huce ba, ƙaya na samun lokacin girma. Abin da ya kwanta a gindin narki kuwa ba ya zuba shi a tukunyar kowa, sai dai ya yi maƙalin ƙofa da shi.

Mutum ne mai tsokana. In mace ta kawo tukunya ta ce a narka a sake mata, sai ya tambaya, "Aurenta na nawa ke nan?" In ta ce na uku, sai ya ce, "To wannan ta tara ƙaya, Hajiya, duk komawa wuta ƙara take, ba ta ragewa." Zawarawa da tsofaffi kuwa ya kan cika musu da tasa dalmar mai kyau ya yi shiru, in sun yi godiya ya ce wuta ce ta yi albarka. Ni yana kirana Injiniya tun kafin in san hanyar jami'a. Da na gama karatun ƙarafa a jami'ar da ke Gidan Kwano sai ya koma kirana Babban Injiniya, ni kuma, wauta ta sa, na ɗauka da gaske yake.

Saura kwana uku aurena da 'yarsa ya tafi Zungeru ɗauko yayarsa. Iya, matarsa, ta daɗe tana cewa tana son babbar tukunya sabuwa ta girkin bikin. Na ce a raina, ga ranar da Babban Injiniya zai nuna kansa. Zan zuba tukunyar aurena da hannuna, in an ci an sha in faɗa a yi mamaki.

Na kira aminin Kawu ya hura mini wuta. Da ya ga ina jefa fistan a narki yadda suke, sai ya tsayar da keken.

"Kai, zobe yana ciki fa. Mai gida ba ya yi haka."

Na ce, "Baba, wutar gawayi ba ta isa ta narka ƙarfe ba. In dalma ta narke sai in tsame su. Na karanta."

Ya dube ni, ya ce, "To. Kai ne mai karatu."

Kuma abin da na karanta gaskiya ne, wutar gawayi ba ta narka ƙarfe. Shafin da ke bayansa ne ban riƙe ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ruwan sama ya sauko ya lalata mini yashi, na sake haɗa siffa tun daga farko, narki kuwa na zaune a kan wuta tun hantsi har la'asar, a cikin tukunyar da ban shafa wa yumɓu ba, ina juya shi da guntun rodi. Da na tsamo zobban na ga sun sirance kamar alewar da aka tsotsa. Na gani da idona, ban tambayi kaina ina sauran ya tafi ba. Dalmar ta so ta gaza, sai na ƙarasa da na gindi. Na yi wa tukunyar kauri don ta yi kwarjini. Na ce bismillah, na danna yatsana a ƙarƙashin kunne kamar yadda na ga ana yi. Ta fito tana walƙiya, ban ƙwanƙwasa ta ba. Na sa aka kai ta cikin gida, mata suka yi guɗa suna cewa Kawu ya yi wa 'yarsa ta musamman.

Hanya ta riƙe Kawu, bai dawo ba sai safiyar ɗaurin aure, tukunya na kan wuta cike da miya. Muna ƙofar gida ana raba goro muka ji ihu. Iya da wata maƙwabciya ne suka zo sauke ta, kowa ta kama kunne ɗaya. Kunnen da ke hannun Iya ya ɓalle da gefen tukunyar gaba ɗaya, tafasasshiyar miya ta kwarara a ƙafarta ta hagu tun daga gwiwa. Wata biyu ta yi a asibiti. Ta fito da sanda, da ita take tafiya har yau.

A tsakar gidan nan, mata na kuka, wani baffanmu ya ɗaga murya ya ce wace irin tukunya ce wannan. Ni ina tsaye a wurin. Kawu ya kalli fasasshiyar tukunyar, ya kalle ni sau ɗaya, ya ce, "Tawa ce. Hannuna ne."

Washegari da safe ya kira ni rumfa. Ya miƙo mini ɓallen tukunyar, ya karkata shi ga rana. Bakin karayar yana ƙyalli da wasu siraran faifai kamar ɓawon kifi.

"Ka ga ƙaya, Injiniya?"

Na ce na gani.

"Gishiri yana narkewa a wuta?"

Na ce a'a.

"To sa shi a miya ka gani."

Na fashe da kuka, na ce zan je in faɗa wa kowa. Ya ce, "Ka faɗa wa wa? Yarinyar da aka ɗaura muku aure jiya? Ta dinga kallon ƙafar uwarta tana kallon fuskarka har abada? Ni uba ne, ba a sakin uba. Kai miji ne." Ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba muddin yana raye. Amininsa yana can gefe yana tsince gawayi kamar kurma.

Abin da ya ɗauka bai zo da sauƙi ba. Masu girki suka daina ba shi aikin manyan tukwane, aka ce ido ya fara gazawa, hannu ya fara rawa. Mutumin da ake zuwa nema daga Bida da Kontagora ya koma zubin ludayi da tandar masa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Kullum da safe, bayan ya dawo masallaci, zai zauna a ƙasa ya ɗora ƙafar Iya a cinyarsa ya shafa mata man kaɗanya. Ita kuwa ba ta raga masa. "Mai tukunya, miƙo mini sandata, ai kai ka saya mini ita." Sai ya yi dariya ya miƙa. In baƙi suna nan ma haka take yi, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matata. 'Yar gatan ubanta ce, a da tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Bayan bikin ta ja baya. Tana gaishe shi, tana yi masa wanki, tana aika masa abinci, amma wasan nan ya mutu. Ta taɓa ce mini, "Mutumin da ke ƙwanƙwasa tukunyar kowa, ta bikina ce bai ƙwanƙwasa ba." Na ce mata a yi haƙuri. Ni da bakina na ce mata ta yi haƙuri da shi.

Aiki ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje a Gidan Kwano. Abin dariya, aikina shi ne yanka dalma, in goge ta har ta zama madubi, in sa ta ƙarƙashin na'urar ƙara girma, in nuna wa ɗalibai ƙaya. Muna da dogon suna da muke kiranta da shi, amma ita ce dai, sirara masu tsini, kwance a cikin dalma suna jiran ranar tsagewa. Ina koya musu cewa akwai wani sinadari a jikin gwangwanin lemo, manganis, da ke sa ta dunƙule maimakon ta yi tsini, kuma in narki ya huce da sauri ba ta girma. Suna rubutawa kamar sabon abu. Sau biyu aka kira ni aiki a wani kamfani a Legas, sau biyu na ƙi. Ina cewa saboda tsofaffi ne. Gaskiyar ita ce na kasa barin garin, na kuma kasa zama a cikinsa da sakewa.

Rigima ɗaya muka taɓa yi da Kawu, shekara shida da suka wuce. Na kawo masa hoton ƙayar da na ɗauka da na'ura. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe haka fuskarta take. Shekara hamsin muna faɗa ban taɓa ganinta ba." Ya tambaye ni ko mu masu karatu mun gano yadda ake cire ta. Na ce da wuya ƙwarai, yawanci sai dai a canza mata siffa. Ya ce, "Ai na faɗa maka. Ba a korarsa, sai dai a koya masa zama."

Sai na ce, "Kawu, ka sake ni daga rantsuwar nan. Na gaji."

Fuskarsa ta canza. "Ka gaji? Ƙafarka ce ta ƙone, ko sunanka ne ya zube? Kai kana so ka sauke kayanka ka ji sanyi, a kan wa za ka sauke? A kan 'yata?"

Na ce, "Ita ma tana da haƙƙin ta san ubanta."

Ya ajiye hoton. Sannan ya ce, "Wannan kam ka faɗi gaskiya. Amma ba zan iya kallo ba. In na kwanta dama, ka yi abin da ka ga ya dace." Muka yi wata guda ba ma haɗa ido, daga baya shi ya fara tsokanata.

To ya kwanta dama. Ranar da aka kai shi, matata ta share hawaye ta ce mini, "Na yafe wa Baba ƙafar Iya. Allah Ya sani na yafe masa." A nan na gane rantsuwar da nake kuka da ita inuwa ce nake fakewa a ciki. An ɗauke ta, ga ni a rana, kuma tsoro nake ji. Tsoron ta tashi da 'ya'yanmu huɗu ta koma ɗakin uwarta. Tsoron ta zauna ma, ta dinga kallona yadda ta kalli ubanta.

Bayan sadakar bakwai na shiga wurin Iya da safe. Tana takaba, zaune a kan darduma, sandarta a gefe. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, na ce akwai magana.

"Ta tukunya ce?" in ji ta.

Ba ta jira amsata ba. Ta ce in jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado. Ta tona ƙasan zannuwa ta fito da wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Kunnen tukunyar ne, da ɓallen da ya biyo shi.

"Da shi na faɗi a hannuna, da shi aka kai ni asibiti, an yi an yi na ƙi saki. Juya shi."

Na juya. Ga yatsa nan a ƙarƙashi.

"Kawunka dalma ta taɓa tsarge masa babban yatsa tun kafin a haife ka. Duk tukunyarsa akwai layi a tsakiyar yatsan. Shekara nawa ina wanke su? Wannan yatsan sumul yake, na mai riƙe biro."

Na ce, "Iya, kin sani? Tun ranar? To me ya sa kike..."

"Nake yi masa gori? Ya zo gadon asibiti ya ce mini shi ne. Kunnen nan na ƙarƙashin filona. Na dube shi na ce a raina, mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba yau ya yi, to ba ƙaramin abu yake karewa ba. In na ce na sani, na zubar masa da aikinsa. In na yi shiru ban yi masa gori ba, 'yata ba wawiya ba ce, za ta tambayi kanta. Babbar tukunya mutum biyu ke ɗauka, ɗan nan. Ya kama kunne ɗaya, na kama ɗaya."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Ƙafa kam na yafe maka tun ina kwance. Amma shi ya saki nasa kunnen, ni kaɗai ba zan iya ba. Jiya yarinyar nan ta zauna a nan tana ce mini ta yafe wa ubanta. Yafe masa me? Ɗauki abinka ka kai mata."

Kwana huɗu ke nan kunnen yana aljihuna. Sau uku na buɗe baki, sau uku na tambayi matata abin da ba shi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, tun da biro dai shi ne abin da yatsana ya iya. Masu girkin Minna, ku da kuka ce in ka ɗauke waccan, to ku ɗauke ta, ba tasa ba ce. Kawu bai taɓa zuba tukunyar da ta ci amanar mai ita ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri gobe kamar yadda ya rufa mini, Ya yafe masa ƙarya ɗayan nan da ya yi saboda mu.

Amma kafin ku akwai wadda za ta fara karantawa. Ga ta can a tsakar gida, ta tara tukwanen sadaka tana goge su da toka, tana juya kowace ɗaya tana wanke ƙarƙashin kunne. Zan ajiye takardar nan a gabanta, in ɗora kunnen a kai don kada iska ta ɗauke, in zauna inda za ta gan ni.